Sawun da Aka Kife da Ƙwarya

Duk wanda ya san Gyadi-Gyadi a shekarun da unguwar take rabi gidaje rabi gonaki, ya san Maje mai wankin hula. A gindin wata darbejiya yake zama, a bakin titin Zariya. Hulunan da ya wanke yakan ɗora su a kan guntayen katako da aka sassaƙa kamar kawunan mutane, ya jera su a rana. Daga nesa sai ka ce taron dattawa ne ƙasa ta haɗiye su har wuya, ta bar hulunansu suna shan iska.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gaya. Yana ɗan shekara bakwai ya faɗo daga kan kanya, ƙafarsa ta hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Mai ɗorin garinsu ya ɗora, ƙashi ya kama, yaro ya tashi ya koma wasa. Sai dai daga nan ƙafafun biyu suka raba tafiya. Ta dama tana girma yadda Allah ya yi mata, ta hagu tana biye a baya kamar ƙanwar da aka aika ba da sonta ba. Kafin gemu ya fito masa, tsakaninsu ya kai faɗin yatsu uku. Don ya cike giɓin, sai ya koyi tafiya a kan yatsun hagu, dunduniya a sama. Haka ya yi noma, haka ya yi kiwo. Takalmi ba ya zama a irin wannan ƙafa, don haka ya hutar da kansa, ya bar shi gaba ɗaya.

Ya shigo Kano shekarar da aka canja hannun tuƙi, lokacin da direbobi ke ta yin gaba da gaba a kan titin Zariya, kowa yana rantsuwa shi ne a kan hannunsa. Ɗan kawunsa, Ɗan'azumi, mai tura kura a kasuwar Tarauni, shi ya samo masa ɗaki a gidan hayar Baba Tanko, ya kuma haɗa shi da wani tsoho da ya koya masa wankin hula. Taubasai ne, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a taɓa raba wannan gardama ba. Ɗan'azumi ya ce sana'ar zaune ce ta dace da shi. Maje ya karɓa, hannunsa ya faɗa, har ya zama in ya sa wa damanga sitaci ya goge ta, mai ita sai ya ƙi yarda tasa ce. Da ya zauna da gindinsa ya auri Huraira, wata 'yar Darmanawa mai ƙarancin magana da yawan lura.

Ɗingishi bai taɓa damun Maje ba. Da shi ya tashi, kuma yana kai shi daga Tarauni zuwa Gyadi-Gyadi kullum safiya, ya dawo da shi da yamma. Abin da ya fara damunsa ƙugu ne da gadon baya. Jiki ya gaji da karkata. Tun yana jin ciwon in ya yi doguwar tafiya, har ya zama ko ruku'u ya yi sai ya cije leɓe kafin ya ɗago.

Cikin masu kawo masa wanki akwai Malam Lawan, ma'aikaci a asibitin ƙashi. Wata ranar Alhamis ya zo karɓar hularsa, ya ga yadda Maje ya dafa gindin darbejiya kafin ya miƙe.

"Maje, ɗan taka in gani."

"Malam, hula ka zo karɓa ko ni za ka saya?"

"Taka dai."

Maje ya taka ya dawo. Malam Lawan ya tsuguna ya daddanna masa ƙugu, ya ce masa bayan nan ba zai daina ciwo ba muddin ƙafafun ba su daidaita ba. Ya ce akwai wani likita Bamisire a wurinsu, ya zo da wani ƙarfe da ake ƙara wa ƙashi tsawo da shi. Za a yanke ƙashin sangali, a kafa ƙarfen, a riƙa jan sa kaɗan-kaɗan har ƙafar ta kamo 'yar'uwarta. Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce akwai azaba, akwai dogon kwanciya, kuma sai ya sake koyon tafiya kamar yaron goye.

Da Ɗan'azumi ya ji labari, sai da ya ajiye lomar tuwon da ya ɗauko.

"A ja ƙashi? Sai ka ce alewa! Kai bawana, ka ji tsoron Allah. Mutane na zuwa asibiti a ɗora musu karaya, kai za ka je a yi maka sabuwa fil? Ƙafar da ke kai ka ta dawo da kai?"

"Ba da kai nake shawara ba. Yaushe aka fara shawara da bawa?"

"To ka je. In sun ja ta ta zarce, sai a koma a ja ɗayar. Kafin a gama da kai sai an fasa rufin ɗakin nan."

Huraira ta jira sai da baƙo ya tafi. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Malam, ni nake jin nishinka in ka kwanta. Su ba sa ji. Ka je."

A tsakiyar bazara ya shiga asibitin da ƙafarsa. Da ya farfaɗo daga allurar barci ya tarar da ƙusoshi sun ratsa naman ƙafarsa sun shige ƙashi, an haɗa su da wani sandan ƙarfe mai noti a gefe. Kullum safiya ma'aikaci zai zo ya murɗa notin, abin da bai fi kaurin farce ba. Ƙashin bai cika yi masa ciwo ba. Jijiyoyi ne ke kuka, kamar tsarkiyar garaya da ake ta ɗaurewa, mai ɗaurin bai san inda za ta tsinke ba. Maje yakan cusa gefen bargo a baki har zafin ya lafa.

Abokan kwanciyarsa yawanci direbobi ne da leburorin gini, kowa da ƙafa ko hannu a rataye. Suka sa masa suna Mai Neman Tsawo. In an zo murɗa noti sai wani ya ɗaga murya daga ƙarshen ɗaki ya ce, "A ƙara masa da kyau, soja zai shiga!" Maje ya yi dariya hawaye na zuba, shi kansa bai san na wanne ba ne.

Ta taga ya ga daminar wannan shekara. Manomi ne tun asali, ko bai fita ba hancinsa na gaya masa yaushe aka yi shuka, yaushe gero ya yi ciki. Ƙasa tana jan tsiro sama a hankali, ba mai ganin motsinsa, shi ma ana jan sa. Da wannan tunani yake rarrashin kansa. Da kaka ta yi, likita ya auna ya ce tsawo ya isa. Aka sake shiga da shi, aka ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa aka cike wurin da ya buɗe, aka ɗaure da farantin ƙarfe, aka naɗe ƙafar da filasta tun daga cinya.

Ranar da aka sallame shi, mota ta ajiye su a bakin titi. Lungun gidan Baba Tanko mota ba ta shiga, sai Ɗan'azumi ya shimfiɗa buhu a kan kurarsa ya ɗora shi. Yana turawa yana kiran, "Hanya, hanya! Kayan fashewa ne!" Mutanen unguwa suka fito suna yi masa sannu. Amma Maje yana da kunne. A bayan kowace sannu yana jin ɗayar maganar, wadda ake yi ƙasa-ƙasa in kura ta wuce: mutum ya tafi da ƙafarsa, ya dawo a kan kura. Ya san daga ranar nan abu ɗaya ne zai wanke shi, ya taka ƙasa da ƙafar nan ba sanda, kowa ya gani.

Sanyi ya shigo ya fita yana kwance. Da aka fasa filasta, ƙafar ta fito siririya, fara fat, tana saɓa kamar rogon da aka ɓare. Huraira ta miƙar da ƙafafun biyu a kan tabarma, ta haɗa su, ta daɗe tana kallo. Dunduniya biyu kai ɗaya. Ta rufe baki da gefen mayafi.

A kwance ke nan. Da ya miƙe da sandunan hammata da aka ba shi, sai dunduniyar hagu ta ƙi sauka. Shekara wajen ashirin tana sama, ta manta akwai wani abu wai shi ƙasa. Jijiyar bayan ƙafar ta ɗaure tamau. In ya matsa mata, sai ta sauko har ta rage kaurin yatsa ɗaya, daga nan wani zafi ya harbo har tsakiyar kansa, ya janye.

Huraira ta ɗauki gashi safe da yamma. Ta dafa ruwa, ta tsoma tsumma ta matse, ta naɗe ƙafar, sannan ta bi ta da man kaɗanya. Ta tallabe dunduniyar a tafin hannunta, ta tura tafin ƙafar da damtsenta yadda aka nuna mata a asibiti, tana turawa yana salati. Malam Lawan yakan biyo in ya tashi daga aiki. Da zafin bazara ya kama sosai, ya zo da albishir: hoton ƙashi ya nuna wurin ya cike, likita ya ce ya fara ajiye sanda ɗaya, ya riƙa ɗora nauyinsa.

Maje ya ce to. Bai ajiye ba. A ransa ƙashin nan ɗanyar tukunya ce da ba a gasa ba, yana ɗora mata nauyi za ta rotse, a koma da shi gidan jiya. Da hannu yake tafiya, ƙafar tana reto a tsakanin sanduna kamar ba tasa ba. Ya ji labarin wani mai gyaran keke ya kafa a gindin darbejiyarsa. 'Yan kaɗan daga cikin masu hulɗa da shi suka ci gaba da aiko huluna gida, yana wankewa a zaune a bakin ƙofa, Huraira tana shanya masa.

Wata yamma tana cikin gashi ya ce, "Huraira, ina ganin Ɗan'azumi ya fi ni gaskiya. Da ɗingishina ina zuwa inda nake so."

Ba ta ɗago ba. Ta sake tsoma tsumma ta ce, "Malam, ba ƙafar ce ta ƙi ba. Ni nake riƙe ta, na san inda take kaiwa yanzu da inda take kaiwa da. Miƙo ta nan, ruwan zai huce."

Ruwan farko na sabuwar damina ya sauko tun da asuba, bai ɗauke ba sai da hantsi. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Yashin tsakar gida ya kwanta lumus, ko kaza ba ta taka shi ba. Baba Tanko, mai gidan, ya saɓa fartanya ya tafi Ƙauyen Alu duba gonarsa. Maza suka fita nema. Matan gidan suka yi shiri za su gidan suna a bayan layi. Kafin su fita, Huraira ta bi ta gefen bango ta jera hulunan da Maje ya sa wa sitaci a kan benci, can kusa da katangar baya inda rana ke faɗawa. A nan katangar ta ɗan zube tun bara, an tare wurin da tsohon kwanon rufi.

Maje yana zaune a bakin ƙofa, sandunansa suna jingine can cikin ɗaki, sai ya ga jar akuyar Baba Tanko ta zame igiyarta daga turke. Ta yi miƙa, ta shinshina iska, ta nufi benci kai tsaye. Akuya da sitacin rogo ba a raba su.

"Kai! Kas! Kas!"

Akuya ta waiwayo ta dube shi. Ta daɗe a gidan nan, ta san wanda ke iya tashi da wanda ba ya iyawa. Ta sa baki ta ɗauke damangar Malam Lawan daga kan katako, ta fara tauna.

Hular mutumin da ya yi masa hanya, wanda bai daina aiko masa wanki ba ko sau ɗaya. Maje bai san sa'ad da ya miƙe ba. Ya dai ga kansa a tsakar gida yana zage-zage, akuya ta zabura da hula a baki, shi yana biye. A bakin katanga ya cafko gefen hular, suka ja, akuya ta saki, ta bangaje kwanon rufin ta fice ta inda katangar ta zube. Ya tsaya yana haki da jiƙaƙƙiyar hula a hannu. Sai a lokacin ya tuna ba sanda a hammatarsa.

Tsoro ya rufe shi. Ya juya ya koma ɗaki da sauri, idonsa a kan ƙofa, bai ko dubi ƙasa ba. Ya faɗa kan tabarma yana shafa sangalinsa, yana jiran ya ji inda ya rotse. Ƙafar tana rawa, tana zugi. Ya yi alkawari a ransa ba zai gaya wa Huraira wannan wautar ba. Yana cikin sauraren ƙashinsa barci ya kwashe shi.

Ihun Baba Tanko ne ya tashe shi wajen azahar.

"Ɓarawo! Jama'a, an shiga gida da rana tsaka! Kada wanda ya taka! Ku bi ta gefen bango!"

Kafin Maje ya lalubo sandunansa ya fito, tsakar gida ta cika, kowa ya manne da bango. Ɗan'azumi ma ya iso cin abincin rana. Baba Tanko ya yi farauta a ƙuruciyarsa, kuma ba ya bari a manta. Yana tsugune a kan yashi, ya riga ya ɗauko ƙwarya daga madafa ya kife sawu ɗaya da ya fi fitowa, don a kai wa malami ƙasar wurin a yi wa ɓarawo aiki. Da sandarsa yake nuna sauran.

"Ku duba nan. Namiji ne, ƙato, ba takalmi. Ta katanga ya shigo. Ga shi nan ya miƙe har ƙofar Maje, ya leƙa, ya ga mara lafiya na barci. Ya juyo, ga shi nan, ya kora akuya gaba, ga sawunta, suka fice tare. Wajen fita ma da gudu ya yi, dubi yadda takun ya buɗe. Allah ya tsare, da ya shiga ɗakin fa?"

Mutane suka ɗauki salati. Maje ya ga abin zai yi nisa, ya gyara murya.

"Baba, ba wanda ya sace akuyarka. Ita ta kwance kanta. Hular Malam Lawan ta kama ci, na bi ta na ƙwace, ta fice ta nan."

Ɗan'azumi ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka bi ta? Da wace motar? Jama'a, bawana ya fara farauta a mafarki."

"Da ƙafata na bi ta, kai dai bawan banza. Ga hular can a ɗaki da yawun akuya."

Baba Tanko ya girgiza kai. "Maje, ban ƙaryata ka ba. Amma in ka fito, ina sawunka? Tun da ka zo gidan nan nake ganin sawunka a ƙofata. Tafi ɗaya cikakke, ɗayan yatsu kawai, kamar mutum da kyanwa suna tafiya tare. Ko a tsakiyar kasuwa na gan shi na san ka wuce. Wannan mutumin kuwa dunduniyarsa biyu. Zo ka duba da idonka."

Maje ya matso a kan sandunansa. Ya bi layin da ido daga ƙofarsa har katanga, ya biyo ɗayan daga katanga har ƙofarsa. Yana neman abin da ya saba gani a bayansa tun yana yaro, tafi da yatsu, tafi da yatsu. Babu. Sawun wani lafiyayyen mutum ne, dama da hagu, kowanne ya zauna daram a cikin yashi.

"To wallahi na fito," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Sai dai in wani ya shigo bayana ya tattake nawa."

"Ka ji ko!" in ji Baba Tanko. "Ɓarawo mai wayo. A kan sawun mai gida ya riƙa ɗora nasa."

Ana haka matan gida suka dawo daga suna. Huraira ta tsaya a bakin zaure ta saurari bayani daga bakin mutum uku a lokaci guda. Ta dubi mijinta, ta dubi laka da ta bushe a ƙafarsa ta hagu har idon sawu. Sannan ta bi gefen bango ta zo ta durƙusa a gaban Baba Tanko.

"Baba, a yi mini izini in ɗaga ƙwaryar nan. Tawa ce ma, ta tankaɗe."

"Ke 'yar nan, kada ki ɓata mini shaida."

"Ba zan taɓa ba, Baba. Gani kawai zan yi."

Ta ɗaga. Sawun hagu ne. Bai kai na dama girma ba, kuma babban yatsan ya buɗe ya yi nesa da 'yan'uwansa, irin buɗewar yatsan da ya daɗe yana ɗaukar nauyin mutum shi kaɗai. A bayansa ga gurbin dunduniya, zagayayye, mai zurfi, har ɗan ruwa ya taru a ciki.

Huraira ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Wannan ƙafar ni nake gasa ta safe da yamma. Ko cikin ƙafafun mutanen kasuwar Kurmi aka jefa ta, zan tsamo ta. Malam, zo ka sa ƙafarka."

"Ke, dunduniya fa gare shi."

"Na gani. Zo ka sa."

Maje ya matso, ya ɗaga ƙafar hagu ya ɗora yatsunsa a gurbin yatsun. Suka shige kamar an auna. Dunduniyar tana sama, inda ta saba tsayawa. Ya dubi ramin da ke ƙarƙashinta. Ba wanda ya haƙa wannan rami sai ita. Ta riga ta je can ɗazu, da gudu ma, ba ta nemi izininsa ba, kuma ƙashi bai rotse ba.

Ya saki numfashi, ya bar nauyinsa ya gangara. Zafin ya taso kamar kullum, ya tsaya masa a bayan ƙafa. Wannan karon bai janye ba. Sai ya ji wani abu da ya manta da shi tun yana ɗan shekara bakwai: sanyin laka a dunduniya. Fatar wurin laushi gare ta kamar ta jariri, kowace ƙwayar yashi sai da ta gaishe ta. Sanyin ya hau ta sangali, ya bi ta inda aka yanke, har ya wuce ƙugu.

Ya zare sandan dama ya miƙa wa Ɗan'azumi. Ya zare na hagu ya miƙa masa.

"Riƙe wa ubangidanka."

Karo na farko a rayuwarsa Ɗan'azumi ya karɓi umarnin Maje.

Maje ya taka. Ba kyakkyawar tafiya ba ce. Yana tangaɗi, hannuwa a buɗe kamar mai tsallaka rafi a kan gungume, kafaɗarsa tana neman karkatar da ta saba, ba ta samu ba. Amma dama ta sauka, hagu ta sauka, dunduniya kafin yatsu. Ya nufi katanga, mutane suna matsawa suna ba shi hanya. Wata daga cikin matan ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa, har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna tambayar wa ya haihu. Da ya dafa katangar ya juyo, ya ga sabon layi a kan yashi kusa da na ɗazu, iri ɗaya sak. Huraira tana durƙushe inda ya bar ta, ta kife fuskarta a cikin ƙwaryar tankaɗe, kafaɗunta na girgiza.

Ɗan'azumi ya share ido da hannun riga, ya daka tsawa. "Jama'a, me kuke jira? Ga ɓarawo ya kama kansa! Baba, a ɗaure shi ko a kai shi gidan mai unguwa?"

Baba Tanko yana tsugune har yanzu, yana duban sawun yana duban Maje. "Ai na faɗa muku lafiyayyen mutum ne," ya ce. "Ban yi kuskure ba. To amma ina akuyata?"

Akuya ba ta yi nisa ba. Kafin la'asar Uwani mai ƙosai ta bayan gida ta jawo ta da kunne, tana faɗa tun daga zaure, wai ta cinye mata waken da ta jiƙa.

Ba a ranar Maje ya warke ba. Ya ƙara ɗaukar sanda ɗaya na wani lokaci, ƙafar takan kumbura in ya matsa mata, Huraira ba ta sauke tukunyar gashi ba sai da gero ya fitar da kai. Ɗan ɗingishi kaɗan ya zauna masa har tsufa, wanda sai mai lura yake gani. Ciwon bayan kuwa ya tafi bai yi sallama ba. Bai yi rigima da mai gyaran keke ba. Ya bar masa inuwar, ya riƙa rataya jaka yana bi gida-gida da shago-shago, daga Tarauni zuwa Gyadi-Gyadi, wani lokaci har Unguwa Uku, yana karɓar huluna yana mayarwa. Masu ba shi wanki suka ninka na da. In an ce masa ya sayi keke mana, sai ya ce bai gama da ƙasa ba tukuna.

Ana gab da ƙaramar salla ya shiga kasuwar Tarauni ya tsaya a gaban mai takalma. Mai takalma ya tambaye shi lamba nawa yake sawa. Maje ya ce bai sani ba, bai taɓa sawa ba. Aka yi ta gwaji har aka samu wani baƙin takalmi mai rufaffen baya. Na dama ya zauna daidai, na hagu ya yi masa ɗan yawa, aka cusa auduga a bakinsa. Bai yarda a naɗe masa ba. A ƙafa ya tafi da su, kuma bai bi gajeriyar hanya ba.

Ya iso gida yana ɗingishi sosai. Huraira ta gan shi ta saki muciya ta taso a guje.

"Malam! Ƙashin ne?"

Ya zauna a kan turmi, ya cire takalmin hagu, ya ɗaga ƙafar sama yana murmushi har kunne. Sabon takalmi ya ci shi. Wani ƙaton bororo ya taso, cike da ruwa, yana sheƙi a bayan dunduniya.

"Kada ki fasa shi," ya ce. "Aika a kira mini Ɗan'azumi ya zo ya gani."